Tsirkiya Huɗu a Asawase

A buhun gawayi aka kawo ta,
wuyanta ya leƙo kamar akuyar da za a kai Mayanka.
Azumi ta aje ta kan teburina, tsakanin gawarwakin rediyo,
ta ce, "Ta babana ce. Duba ko da sauran numfashi."

Na san jitar nan tun ina yawo ba wando.
Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya sauko da ita a Takoradi,
ya ci bashi, ya bar ta jingina, bai waiwayo ba.
Mumuni Dogo ya fanshe ta da kuɗin kekensa,
tsohonsa ya yi wata uku bai amsa gaisuwarsa ba.
Ja ce a lokacin, jawur kamar manja.
Yau jan ya ɓuya inda hannu ba ya kaiwa,
inda damtsensa ke gogawa kuwa itace ne tsirara,
gumi ya jeme shi.

Shekarun da aka hana fitar dare
ta kwanta ƙarƙashin gado tare da kwanukan biki.
Da tukunya ta fara sanyi
ya ba da hayarta ga wani coci a Bantama.
Su suka huda mata ciki,
suka dasa maganaɗisu na biyu, a karkace,
da ƙusoshin kafinta.

Daminar Kumasi ta tanƙwara wuyan kamar baka.
Akwai ƙarfe a cikinsa, irin laka a gadon baya.
Na murɗa shi kaɗan, na bar shi ya kwana.
Washegari na ƙara kaɗan.
Tsohon itace ba a yi masa tsawa.

Jakinta ya ci tsatsa.
Kananzir, tsohon buroshin haƙori, da yini guda.
Sukurori biyu sun mutu a ciki,
wani yaro a Suwame ya yanko mini irinsu, ya ƙi karɓar ko sisi.
Matashin da tsirkiya ke hawa a can sama ya tsage,
na roƙi ƙashin sa wajen mahauta,
na dafa, na shanya, na bi shi da magagari
har gurbi huɗu suka fito.

A ramin wayoyi na tarar da takarda a ninke:
sunaye bakwai, da rabon kowa na wani daren Asabar.
Biyar na raka su Tafo da ƙafata.
Gefen sunan Mumuni an rubuta: saura sidi biyu.
Na mayar da ita inda take,
na narka dalma, na ɗaure wayar da ta tsinke.

Maganaɗisun cocin nan ya tsaya mini a rai.
Na ɗauki sukuddireba.
Azumi ta riƙe hannuna.
"Bar shi. Da kuɗin hayar aka biya mini makaranta."
Sai na daidaita shi kawai,
na toshe ramukan ƙusa da tsinken ashana.

Tsayin tsirkiya da kwabo nake aunawa,
ya shige a ƙasanta yana ɗan gogawa, shi ke nan.
Na matsar da jaki baya, na dawo da shi gaba,
har muryar tsakiyar wuya ta yarda da ta sake.

Na jona waya, na kunna lasifika.
Aka ɗauke wuta.

Muka yi dariya a duhu.
Azumi ta miƙe, ta dafa kan jitar a jikin ƙofar katako
yadda ta ga babanta na yi,
ta ja babbar tsirkiyar da ɗan yatsa.
Ƙofar ta ɗauka, bango ya karɓa,
ƙananan sukurori suka hau rawa cikin gwangwanin madara.
Mai koko da ke bakin kwata ta juyo, ludayi a hannu,
tana neman inda hadari ya taso.